Ganyen Saifa Mai Kama da Sheƙar Tsuntsu: Tarihin Suna Ɗaya da Ya Rufe Tsirrai Da Yawa

A shekarar 1750 wani jirgin ruwan fatauci mai suna Prins Carl ya tashi daga tashar Gothenburg ta ƙasar Suwidin, ya nufi birnin Kanton na ƙasar Sin. Cikin ma'aikatansa akwai wani matashin malamin coci, Pehr Osbeck, wanda aka ɗauka domin ya riƙa yi wa matuƙa wa'azi da addu'a. Sai dai Osbeck almajirin Carl Linnaeus ne a jami'ar Uppsala, don haka duk inda jirgin ya yada zango yakan sauka ya tsinko ganyaye, ya danne su tsakanin takardu har su bushe. Hanyarsu ta bi ta gaɓar tsibirin Jawa, a Indunusiya ta yau. Da ya komo gida a 1752, cikin ɗaruruwan busassun tsirran da ya miƙa wa malaminsa akwai wani mai dogon ganye marar tsaga, mai ɗauke da siraran layuka masu ruwan ƙasa a bayansa.

A shekarar da ta biyo baya, 1753, Linnaeus ya fitar da littafinsa Species Plantarum, wanda masana suka amince har yau cewa daga kansa ake fara lissafin sunayen tsirrai na kimiyya. A ciki ya raɗa wa wannan tsiro suna Asplenium nidus, ya kuma rubuta cewa mazauninsa ƙololuwar bishiyoyin Jawa. Kalma ta biyu Latin ce, ma'anarta sheƙa. Ta farko kuwa daga harshen Girka ta fito, tana ɗauke da wata tsohuwar da'awa cewa ganyen yana narkar da saifa, da'awar da aka yi ta a kan wani ƙaramin tsiro dabam da ke fitowa a jikin katangun ƙasashen bakin Bahar Rum. A yau ana ganin wannan tsiro a tukwane cikin otal-otal da ofisoshi a sassan duniya, ana dafa ɗanyen tohonsa a Taiwan, kuma kowa yana kiransa da sunan da Linnaeus ya ba shi. Amma bayan shekara kusan 250, masu bincike sun koma dazukan Jawa ɗin, suka tarar sunan yana rufe da tsirrai fiye da ɗaya waɗanda ko barbarar juna ba sa yi.

Tsiron da ba ya fure

Akwai wani babban dangi na tsirrai, jinsi sama da 10,000, waɗanda ba sa fure, ba sa 'ya'ya, ba su da ƙwayar iri irin ta gero ko wake. Sabon ganyensu yakan fito a naɗe kamar gammo, sannan ya warware a hankali. Hausa ba ta rasa alaƙa da su ba. A cikin ƙamus ɗin sunayen tsirrai na Hausa da likita John Dalziel ya wallafa a 1916 akwai kalmar agugu, wato saiwar wani tsiro na wannan dangi da ake sayarwa a matsayin maganin tsutsar ciki, kuma ya nuna cewa galibi daga Adamawa ake kawo ta. Saboda haka ana iya kiran dukkan waɗannan tsirrai dangin agugu.

A cikin dangin, gidan Asplenium na daga cikin mafi yawan 'ya'ya, da jinsi kusan 700, daga duwatsun Turai masu sanyi har zuwa dazukan da ruwa ba ya yankewa. Alamar gidan tana bayan ganye. A can ake samun jerin 'yan mitsi-mitsin jakunkuna cike da wata ƙura mai laushi, ƙurar haihuwa. A wasu gidajen jakunkunan kan taru ɗigo-ɗigo, a wasu su bi gefen ganye. A gidan Asplenium sukan jeru a miƙe tare da jijiyar ganye, kowane layi da siririn mayafi da ke manne ta gefe ɗaya, yana buɗewa ta ɗaya gefen idan ƙurar ta nuna.

Shi Asplenium nidus a kan bishiya yake rayuwa, amma ya bambanta da kauci. Kauci yakan kafa saiwarsa cikin reshe ya tsotse ruwan bishiyar, shi kuwa wannan wurin zama kawai yake ara. Ganyensa, waɗanda kan kai tsawon mita ɗaya da rabi, suna fitowa a kewaye su yi siffar kwando. Busassun ganyen da ke faɗowa daga sama sukan taru a cikin kwandon su ruɓe su zama taki, saiwoyinsa masu gashi kuma su riƙe ruwan sama kamar soso. Ta haka yake haɗa wa kansa ƙasar noma a tsayin da babu ƙasa. Mutanen Maleshiya suna kiransa da sunan da ke nufin sheƙar tsuntsu, wasu kuma suna danganta shi da wata fatalwa da suka yi imani tana fakewa a cikinsa.

Yadda saifa ta shigo cikin sunan

A ƙarni na ɗaya na Miladiyya, wani likita Bagirke mai suna Dioscorides, mutumin Anazarbus a kudancin Turkiyya ta yau, ya rubuta littafin magunguna mai juzu'i biyar wanda ya tattara tsirrai kusan 600. A ciki ya siffanta wani ɗan tsiro da ke fitowa a kan duwatsu da katangu, marar fure, marar iri, mai ganye da tsage-tsage kamar ƙafafun shanshani. Ya ce idan aka dafa ganyen da ruwan khal aka sha har kwana 40, saifa za ta narke. Tun kafinsa, masanin gine-gine na Rum, Vitruvius, ya kawo labarin wani kogi a tsibirin Kirit: dabbobin da ke kiwo a gaɓa ɗaya suna da saifa kamar kowace dabba, na ɗaya gaɓar kuwa tasu ta ƙanƙance, wai saboda suna cin wannan ganye. Sunan asplenon daga kalmar Girka ta saifa ya samo asali.

Akwai dalilin da ya sa likitocin wancan zamani suka damu da saifa. Zazzaɓin cizon sauro ya addabi ƙasashen Bahar Rum, kuma ɗaya daga cikin alamunsa ita ce kumburin saifa, abin da duk wanda ya yi aikin asibiti a ƙasar Hausa ya sani a cikin yara. Ba su san sauro ne sanadi ba, saboda haka suka nemi abin da zai rage kumburin da hannu ke iya taɓawa.

Littafin Dioscorides ya shiga Larabci a Bagadaza a zamanin halifa Mutawakkil, tsakanin 847 da 861, ta hannun Istifan bin Basil, Hunainu bin Ishaƙ kuma ya duba aikin. A nan matsalar gane tsiro ta fito fili, domin mai fassarar ya bar sunaye da yawa da lafazinsu na Girka, tunda bai san takwarorinsu a ƙasashen Larabawa ba. Bayan kusan shekara ɗari, sarkin Rumawa na Ƙusɗanɗiniyya ya aika wa halifa Abdurrahman na Uku na Kurɗuba kyautar kwafin littafin mai zane-zane, daga baya aka turo wani malamin coci mai suna Nikola, ya zauna da likitocin Andalus suna daidaita suna da tsiro ɗaya bayan ɗaya. Ibnul Baiɗar, haifaffen Malaga wanda ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya shigar da wannan ganye cikin babban kundinsa na magunguna kusan 1,400, da sunansa na Girka mai nufin shanshani, ya kuma kawo sunan da masu tsibbun Andalus ke kiransa da shi, uƙruban.

Tsiron da duk waɗannan malamai ke magana a kansa shi ne wanda ake kira Asplenium ceterach a yau. Bai wuce tsawon tafin hannu ba, bayansa lulluɓe da ɓawo mai launin tsatsa. Idan fari ya yi sai ya naɗe ya bushe kamar ya mutu, ruwa na sauka ya warware. Linnaeus ya ɗauki tsohon sunansa ya shimfiɗa a kan duk tsiron da layukan ƙurarsa suka yi kama da nasa. Ta wannan hanya ƙaton tsiron dajin Jawa ya gaji sunan maganin saifa, alhali babu wani likitan Girka da ya taɓa ganinsa, kuma likitancin zamani bai tabbatar da da'awar ba ko a kan tsiron na asali.

Irin da ido ba ya gani

Linnaeus ya gina tsarinsa a kan ƙirga sassan fure, na namiji da na mace. Tsirran da ba su da fure sai ya tara su a aji na 24, na ƙarshe, ya ba shi sunan da ke nufin ɓoyayyen aure. Wannan suna amincewa ce da cewa ba a san yadda suke haihuwa ba. Talakawan Turai sun riga sun cike giɓin da camfi: sun yi imani cewa dangin agugu suna da iri amma ba a ganinsa, yana faɗowa ne a wani dare guda na tsakiyar bazara, kuma wanda ya same shi zai zama kamar mai layar zana. Har Shakespeare ya ambaci wannan camfi a ɗaya daga cikin wasanninsa.

Wanda ya fara warware lamarin a fili wani likitan fiɗa ne da ke aiki a tsibirin Jamaika, John Lindsay. Ya barbaɗa ƙurar bayan ganye a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa a tukunya, ya riƙa dubawa da madubin ƙara girma, ya ga ta tsiro ta zama wani ɗan koren abu shimfiɗaɗɗe da bai kai girman farce ba, daga jikinsa kuma ganyen farko ya fito. An buga bayaninsa a Landan a 1794. Abin da ke faruwa a jikin wannan ɗan koren abu bai bayyana ba sai bayan rabin ƙarni. A 1844 Carl Nägeli, ɗan Suwizalan, ya ga ƙwayoyin namiji masu iyo suna fita daga ƙarƙashinsa. A 1848 Leszczyc-Sumiński, ɗan Folan, ya gano ɗakin ƙwan mace a jikin abu ɗaya. A 1851 Wilhelm Hofmeister, mai sayar da littattafai a Leipzig wanda ya koyar da kansa ilimin tsirrai, ya haɗa bayanan wuri ɗaya: rayuwar waɗannan tsirrai zubi biyu ce mai karɓa-karɓa. Babban tsiro yana zubar da ƙura, ƙura ta zama ɗan koren abu, a jikinsa namiji da mace su haɗu, daga haɗuwar sabon babban tsiro ya tashi.

Wannan bayani ya amsa tambayoyi biyu. Na farko, ƙwayar namiji sai ta yi iyo cikin danshin ruwa kafin ta kai ga ƙwai, shi ya sa dangin agugu suka yi ƙaranci a filayen Kano da Damagaram, suka yawaita a kurmin kudu da tsaunuka masu hazo irin su Mambila da Obudu da dutsen Kamaru. Na biyu, tunda ana iya shuka ƙurar a kwano a haɗa 'yan koren abubuwa na tsirrai biyu wuri guda, to akwai hanyar gwada ko jinsinsu ɗaya. Wannan gwaji ne zai yi aiki a Jawa bayan shekara 150.

Akwatin gilashi da gardamar jijiyoyi

A 1829 wani likita a gabashin Landan, Nathaniel Ward, ya rufe ƙwarƙwaron wani malam-buɗe-littafi cikin kwalba da 'yar jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sai ga ciyawa da wani tsiro na dangin agugu sun fito a ciki, suka rayu ba tare da an ba su ruwa ba, alhali hayaƙin gawayin birnin ya kashe duk waɗanda ya shuka a fili. Daga nan ya ƙera akwatunan katako masu rufin gilashi, ya aika biyu zuwa Sidni a 1833, tsirran suka isa da ransu bayan watanni a teku. Da irin waɗannan akwatuna aka kwashe shayi daga Sin zuwa Indiya, aka kai dashen roba Silon da Singafo. Da su kuma tsirran dazukan zafi suka cika gidajen masu hali a Ingila, har sha'awar tara dangin agugu ta zama yayi, marubuci Charles Kingsley ya raɗa mata sunan wata irin hauka a 1855.

Yawan tsirran da ke shigowa ya tilasta wa masana neman alamomin rarrabewa da suka fi na Linnaeus. James Edward Smith, wanda ya sayi dukkan busassun tsirran Linnaeus daga iyalinsa a 1784 ya kawo su Ingila, ya nuna a 1793 cewa siffar mayafin da ke rufe layin ƙura alama ce abar dogaro. A 1836 Carl Presl na birnin Prag ya ƙara da tsarin jijiyoyin ganye. A nan aka lura da wani abu game da tsiron Osbeck. A yawancin 'yan gidan Asplenium jijiyoyi sukan tashi daga ƙashin tsakiya su nufi gefe, kowace ta ƙare ita kaɗai. A cikin masu siffar sheƙa na Asiya kuwa, bakunan jijiyoyin suna haɗuwa da wata siririyar jijiya da ke bin gefen ganye kamar kalmasar riga. Presl ya ware su rukuni guda da suna Thamnopteris. John Smith, mai kula da lambun Kew, ya ga bambancin ya isa a ba su gida nasu, ya kira shi Neottopteris. Shugabansa a Kew, William Hooker, bai yarda ba, ya mai da su gidan Asplenium. Gardamar masu rarrabawa da masu haɗewa ta ɗauki fiye da ƙarni guda, kuma binciken ƙwayoyin gado na baya-bayan nan ya goyi bayan Hooker a wannan batu.

Abin da ake dubawa a jikin ganye

Mutumin da ya fi kowa tsara wannan rukuni shi ne Richard Eric Holttum, shugaban lambun tsirrai na Singafo daga 1925 zuwa 1949, wanda ya ci gaba da aikinsa a lambun har a shekarun da sojojin Jafan suka mamaye birnin. A 1974, yana da shekara kusan 80, ya fitar da nazarin da ya amince da jinsi 15 a cikin rukunin. Wahalar aikin a bayyane take: ganye ne miƙaƙƙe marar tsaga, babu fure, babu 'ya'ya, don haka alamomin da za a kama kaɗan ne.

Mai son ganewa yakan fara da ɗaga ganyen sama ya duba shi ta hasken rana, ya ga ko akwai jijiyar nan mai bin gefe. Sannan ya shafa ƙashin tsakiya. A Asplenium nidus ƙashin ya fi tasowa ta saman ganye, ta ƙasa kuwa a shafe yake ko da ɗan kumburi. A Asplenium australasicum na gabashin Ostireliya da tsibiran Fasifik, ƙashin yana da kaifi ta ƙasa kamar gindin kwalekwale. Da yawa daga cikin tukwanen da ake sayarwa da sunan nidus wannan na biyun ne. Daga nan sai layukan ƙura: a nidus a matse suke ƙwarai, suna tashi daga kusa da ƙashi su tsaya wajen rabin hanya zuwa gefe, a Asplenium antiquum na Jafan da Taiwan kuwa sun fi tazara kuma sun fi kusantar gefe. Akwai kuma ɓawon da ke gindin ganye, wanda sai da madubi ake ganin siffarsa.

A Afirka, nidus yana gabas ne, a gaɓar Kenya da Tanzaniya da tsibirin Madagaska. A dazukan yamma da tsakiyar nahiyar akwai wani mai dogon ganye marar tsaga da ke zama a kan bishiyoyi, Asplenium africanum, wanda ido zai iya ɗauka ɗan'uwan na Jawa ne na kusa. Hasken rana yakan raba gardamar, domin jijiyoyinsa a sake suke, babu kalmasa a gefe. Haka ma Asplenium serratum na yankin zafi na nahiyar Amurka, wanda gefen ganyensa ke da 'yan haƙora. Siffar kwando dabara ce ta rayuwa a kan bishiya da tsirrai mabambanta suka kai gare ta, kowanne ta hanyarsa. Dalziel ɗin nan na ƙamus ɗin Hausa shi ne ya haɗu da John Hutchinson a Kew suka rubuta babban kundin tsirran Afirka ta Yamma tsakanin 1927 da 1936, amma dangin agugu na yankin ba su sami nasu littafin ba sai a 1959, aikin Arthur Alston na gidan tarihin Birtaniya, wanda ya fito shekara ɗaya bayan rasuwarsa.

Ƙirgen kuromosom da komawa Jawa

A 1950 Irene Manton, farfesa a jami'ar Leeds, ta buɗe wata sabuwar ƙofa. Ta ƙware wajen murƙushe 'yan jakunkunan ƙura tun suna ɗanye a kan gilashi, ta rina su, ta ƙirga kuromosom ɗinsu, wato ƙunshin gadon halitta da ke cikin kowace ƙwayar rai. Ɗan Adam yana da 46. A gidan Asplenium an tarar ƙirgen yana tafiya ne da ninkin 36: wasu 72, wasu 144, wasu fiye. Dalili shi ne jinsi biyu sukan yi barbara su haifi tsiro bakarare, sannan kuromosom ɗinsa su ninka, ya koma mai haihuwa, ya zama jinsi na uku mai kama da iyayensa biyu. A 1954 Warren Wagner ya nuna yadda wannan saƙa ta faru tsakanin 'yan gidan a tsaunukan Appalachia na Amurka. A Afirka, Asplenium aethiopicum mai tsagaggen ganye, wanda ya bazu a tsaunukan nahiyar, ya zama misali: a ƙarƙashin sunan akwai masu 144, akwai masu 288, akwai masu 432, wasunsu ma suna haihuwa ba tare da barbara ba.

Ga nidus kuwa ƙirge bai wadatar ba. A ƙarshen shekarun 1990 wasu masana daga Jafan, Noriaki Murakami da Yoko Yatabe, tare da Dedy Darnaedi na Indunusiya, suka shiga gandun dajin dutsen Halimun a yammacin Jawa. Suka tattara tsirran da kowane masani zai kira nidus bisa ma'aunin Holttum, suka karanta jerin wani yanki na ƙwayar gado da ke cikin koren ganye. Sakamakon da suka buga a 2001 ya nuna kashi uku mabambanta a daji ɗaya, dukkansu masu kuromosom 144. Sai suka koma ga hanyar Lindsay da Hofmeister: suka shuka ƙurar kowane kashi, suka haɗa 'yan koren abubuwan wuri guda. Tsakanin wasu kason ba a sami ɗa ba sam. Ci gaban binciken ya kai adadin kason zuwa biyar, ya kuma nuna cewa ba wuri ɗaya suke zama ba: wani ya fi son gangaren dutse, wani can sama, wani inuwar gindin bishiya, wani rassan da rana ke duka.

Abin da ke rataye da sunan

Mai karatu zai iya tambaya ko wannan duka ba gardamar malamai ba ce kawai. Amsar tana saman bishiyoyin Borneo. A kwarin Danum na jihar Sabah, Martin Ellwood da William Foster na jami'ar Kambirij sun sauko da manyan sheƙunan nan daga rassa masu nisa, wasu nauyinsu ya kai kilo 200, suka tsince duk wani ƙwaro da ke ciki. A 2004 suka bayyana cewa sheƙa babba guda tana iya ɗaukar nauyin ƙananan halittu, irin su tururuwa da gara da kyankyaso da shanshani da tana, daidai da na dukkan sauran kan bishiyar da take zaune a kai. Wannan ya sa aka ninka ƙiyasin yawan irin waɗannan halittu a rufin dajin. Wani binciken a wannan kwari ya nuna cewa jinsi biyu ne suka raba bishiyoyin: nidus a sama inda haske yake, Asplenium phyllitidis a ƙasa cikin inuwa. Idan aka sare daji aka dasa kwakwar manja, mai jure rana yakan iya zama a jikin kwakwar, mai son inuwa kuwa ya rasa wurinsa. Wanda ya ƙirga su da suna ɗaya zai rubuta cewa tsiron yana nan lafiya, alhali ɗaya daga cikinsu ya tafi da duk abin da ke rayuwa a cikinsa.

Haka abin yake a fannin ci da magani. Dangin agugu ba duka ake ci ba. Tsiron da Turawa suka daɗe suna amfani da saiwarsa wajen kashe tsutsar ciki, wanda Dalziel ya yi zaton shi ne agugun kasuwannin Hausa, yana iya makantar da mutum idan an wuce kima, dalilin da ya sa likitoci suka bar shi da aka sami magungunan da suka fi shi aminci. Wani kuma, mai yaɗuwa a tsaunukan duniya har da na Afirka, yana ɗauke da gubar da ke sa shanu zubar jini. Duk sakamakon gwajin da aka yi a kan wani ganye, na amfani ko na cutarwa, yana da daraja ne gwargwadon tabbacin cewa an san ganyen da aka gwada, kuma an ajiye busasshen samfurinsa a inda wani zai iya dubawa, kamar ma'ajiyar tsirrai ta hukumar binciken gandun daji da ke Ibadan.

Dokar raɗa sunayen tsirrai ta tanadi abin da za a yi idan suna ɗaya ya rabu. Kowane suna yana ɗaure da samfuri guda, kuma duk yadda aka rarraba rukunin, sunan yana bin kason da wannan samfuri ya fito daga cikinsa. Samfurin Asplenium nidus shi ne busasshen ganyen da Osbeck ya kawo daga Jawa, wanda ke ajiye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na ƙungiyar Linnaeus a Burlington House, a Landan. Aikin da ke gaban masana shi ne su tantance wane kashi na dajin Halimun ne ya dace da wannan ganye, su binciki tsoffin sunayen da aka jingine tun zamanin Hooker ko akwai wanda ya dace da sauran, sannan su nemo alamar da ma'aikacin gandun daji zai iya gani da idonsa ko da ɗan madubin aljihu, tunda ba kowa ne ke da ɗakin gwajin ƙwayoyin gado a bakin daji ba.